Kamfanin kagon da ya riƙe mini tona kwana 26 a Dubai, kuma har yau shi nake ba kayana

Ɗan ƙanwata ne ya ja ni na zauna rubuta wannan. Ya gama bautar ƙasa, ya haɗa ɗan jari, yana so ya fara kawo kayan waya daga Dubai. Ranar Asabar ya faɗo shagona da waya a hannu, baki har kunne, ya nuna mini tallar wani ejan kago, wato mai turo kaya ta jirgi, a WhatsApp. Batir, fawabank, turare, komai suna ɗauka, ba tambaya ba bincike, kwana uku kaya na Kano, kuma kilonsu ya fi na kamfanin da nake aiki da shi sauƙi da kusan dala ɗaya da rabi. Ya ce, "Kawu, kai ma ka koma wajensu mana. Waɗancan naka ai cutarka kawai suke yi." Na ce ya jawo kujera. Abin da na gaya masa ranar shi ne zan faɗa a nan, har da wanda ban samu na ƙarasa ba saboda kwastoma sun shigo.

Kayan kwamfuta nake sayarwa a titin Beirut a Kano: firinta, kibod, filas, da garin tawadar firinta wanda muke kira tona. Tun 2007 nake zuwa Dubai saro kaya, kuma tun tafiyata ta biyu kamfani ɗaya ke ɗauko mini su. Ofishinsu na unguwar Deira a Dubai, a wani lungu bayan kasuwar Naif, ɗaki ɗaya mai sikeli a bakin ƙofa da sito a baya. Suna da wani siton a nan Kano inda muke zuwa karɓa. Ba zan faɗi sunansu ba, domin maganata akwai yabo akwai suka, kuma ba su biya ni kuɗin talla ba.

Ga wanda bai taɓa turo kaya ba, sai ya fara gane yadda irin waɗannan kamfanoni ke aiki. Ba su da jirgi. Kai ka kawo katan uku, wata hajiya ta kawo jaka biyar ta atamfa da takalma, wani ya kawo kayan gyaran mota. Su auna, su rubuta lambarka da alƙalamin maka a jikin kowane katan, su naɗe da leda, su haɗa kayan mutum talatin ko arba'in wuri ɗaya su kai filin jirgi. Takardar da kamfanin jirgi ke bayarwa guda ɗaya ce, mai lamba 11, kuma sunan kamfanin kagon ne a kanta. Kai abin da ke hannunka ɗan rasit ne. Saboda haka idan katan ɗaya ya jawo magana a wurin bincike, kayan mutum arba'in ne suka tsaya. Wake ɗaya ke ɓata gari, a wannan harkar ba karin magana ba ce, abin da ke faruwa ke nan.

A ƙarshen Oktoban 2010 na je saro. Na yi kwana biyu ina tsallaka ruwa a ɗan kwalekwalen nan na dirhami ɗaya daga Deira zuwa Bur Dubai, inda shagunan kwamfuta suke jere a titin Khalid bin Walid. Na sayi tona 84, yawanci masu lamba 12A da 05A, da firinta shida, da tarkacen kibod da igiyoyi, da ɗan lesi na uwargida saboda Babbar Sallah ta matso. Tonar ce kan gaba a lissafina. Makarantu masu zaman kansu guda huɗu nake ba kaya, kuma tsakiyar Nuwamba suke fara buga takardun jarrabawar zangon farko. Ga masu shagunan buga takardu na kusa da jami'a. Ranar Alhamis 28 ga wata na kai kayan ofis, aka auna, aka ce mini kwana biyar zuwa bakwai kamar kullum. Da daddare na hau jirgi na taho.

Washegari Juma'a, 29 ga Oktoba, labarin ya fito. A rediyo na fara ji, ban ma kawo shi a raina ba. An kama fakiti biyu da aka aiko daga Sana'a ta ƙasar Yaman, ɗaya ta hannun kamfanin aika kaya na UPS ɗaya ta hannun na FedEx, dukansu da adireshin wuraren ibadar Yahudawa a birnin Shikago na Amurka. Ɗaya an tsayar da shi a filin jirgin East Midlands a Ingila, ɗayan a Dubai. A cikin kowanne akwai firinta, a cikin firintar kuma an zazzage garin tona an ɗura garin bam da ake kira PETN, gram 300 a ɗaya, 400 a ɗayan. Jami'an leƙen asirin Saudiyya ne suka tsegunta, har da lambobin fakitin. Abin da ya fi tayar wa masu harkar jirgi da hankali shi ne, na Dubai ɗin sai da ya hau jiragen fasinja biyu, daga Sana'a zuwa Doha, daga Doha zuwa Dubai, ba wanda ya gano komai. Na Ingila kuwa, 'yan sanda sun duba shi da farko suka ce ba komai a ciki, sai da bayanin na Dubai ya iso suka koma suka sake buɗewa. Mako guda bayan haka Alƙa'ida reshen Yaman ta ce ita ta aika.

Firintar da aka yi aikin da ita HP ce samfurin P2055. Duk mai sana'ata ya san tonar da take ci: 05A. Ina da guda 36 a cikin katan, a sito, a garin da aka kama ɗaya daga cikin fakitin.

Abin yabo na farko, su suka kira ni, ba ni na kira su ba. Ranar Lahadi da safe wayata ta yi ƙara, yaron ofis ne, wani ɗan Fagge da ya daɗe a can yana yi musu tafinta. Bayan gaisuwa ya ce, "Alhaji, ranka ya daɗe, akwai magana. Tonarka ba za ta tashi a wannan makon ba. Kila ma har na gaba." Ya ce manaja ya sa an buɗe kayan kowa an ware duk abin da ya shafi firinta, sauran za su tafi. Lesin uwargida da kibod da igiyoyi sun iso ranar kwana na takwas. Tona da firinta suka zauna.

Ranar Litinin 1 ga Nuwamba sakatariyar harkokin cikin gidan Birtaniya ta lokacin, Theresa May, ta sanar a majalisa cewa an hana shigo da kayan da ba mai rakiya daga Yaman da Somaliya, an hana fasinja shiga jirgi da tonar da ta wuce gram 500, kuma ba za a ɗauke ta a kago ba sai daga mai aikawa da hukuma ta sani ta amince da shi. Mako guda bayan nan Amurka ta kafa tata dokar a kan tonar da ta wuce oza 16, wato ƙasa kaɗan da rabin kilo. Ni kuma na riƙe wannan a matsayin hujjata. Na kira ofis na ce a haɗa ni da manaja, wani dattijo ɗan Kerala ta ƙasar Indiya mai farin gashin baki. Na ce masa dokar Ingila ce da Amurka, kayana Kano za su, ina ruwan biri da gada? Ya saurare ni har na gama. Sannan ya ce, ta bakin ɗan Fagge, "Haji, dokar ba ta hanyarka ba ce, gaskiya ne. Amma mutumin da ke zaune a gaban na'urar haska kaya shi ma yana kallon talabijin. Garin nan a na'ura kamarsu ɗaya da tona. Ba wanda yake so a ce ta hannunsa na uku ya wuce."

Sai na yi abin da har yau in na tuna nake jin kunya. Na ce to ya canza takarda. Ya rubuta kayan gyaran kwamfuta, ko takalma, ya cusa katan ɗin a tsakiyar kayan hajiyoyi. Na san ana yi, domin maƙwabcina a kasuwa ejansa ya riga ya yi masa alkawarin haka. Na ɗaga murya, na tuna masa shekara nawa ina ba shi kaya, na ce in ba zai yi ba zan aiko a kwashe kayana a kai wa wanda zai yi. Amsarsa gajeriya ce. "Kayanka ne, Haji, aiko a ɗauka, ba zan karɓi ko dirhami ba. Amma ni ba zan rubuta takalma a kan tona ba." Na kashe wayar ko sallama ban yi masa ba.

Ban aika an ɗauka ba, ba don na gamsu ba, sai don ban sami wanda na yarda da shi ba. Kwana huɗu bayan nan maƙwabcin nawa ya shigo shagona ya zauna shiru. Kayansu na'ura ta nuna abin da ba shi ne a takarda ba, aka sauke duka, nasa da na sauran mutanen da ba su ji ba su gani ba. Ejan ya daina ɗaukar waya. Sai bayan sabuwar shekara ya ga kayansa, ta jirgin ruwa, wasu katan ɗin sun sha danshi. A kasuwa har aka riƙa tsokanarsa, wai tona ta tona masa asiri.

Hanyar da nawa suka bi doguwa ce, mai gajiyarwa. Suka nemi in sa shagon da na saya ya ba su rasit na asali mai hatimi da kwafin lasisin kasuwancinsa. Suka nemi kwafin fasfo ɗina. Sannan suka buɗe kwalayen nan 84 ɗaya bayan ɗaya, suka ɗora kowace tona a ƙaramin sikeli, suka rubuta nauyinta kusa da lambarta, don a ga duk 12A nauyinsu ɗaya, duk 05A nauyinsu ɗaya, ba wadda ta fita daban. Takarda uku ce da rubutun hannu, biro shuɗi, har yau tana cikin durowata. Da wannan suka je suka sami wuri a jirgin dakon kaya zalla, wanda ba fasinja a ciki, ya sauke a Legas, mota ta kawo Kano. Kwana 26 cif daga ranar da na ajiye. Sallah ta zo ranar 16 ga Nuwamba ta wuce, ina yanka rago hankalina na kan katan.

Kada wani ya ɗauka labarin ya ƙare da daɗi. Makarantu biyu cikin huɗun ba su jira ni ba, kuma ɗaya ba ta sake dawowa ba har yau. Ga wata asarar da ban hango ba. Tona ta asali ana gane ta ne da kwalinta a rufe, da zanen tsaro a jiki. Nawa duk sun zo a buɗe, an mayar an liƙe da faffaɗan salatif mai ruwan ƙasa. Mai saye a Kano in ya ga haka abu ɗaya yake kawowa: tsohuwa ce aka yi wa ciko. Na yi rantsuwa har na gaji. Wani malamin makaranta ya juya kwalin a hannunsa ya ce, "Alhaji, ni fa ban ce ƙarya kake ba, amma bam a Yaman, salatif a Kano?" Dole na karya farashi kafin su fita. Da ɗan Fagge ya gaya mini tun farko za a yanka kwalaye, da na roƙi a yanka ta ƙasa a hankali, ko a buga hatimin kamfani a kan liƙin. Wannan sakacinsu ne, na kuma faɗa musu.

Abin suka na biyu kuɗin ajiya ne. Da na je karɓa sai na ga an ɗora mini kuɗin kwana 19 a sito, bayan ƙarin kuɗin jirgin dako da na motar Legas. Ba wanda ya ambata mini shi a duk wayoyin da muka yi. Na ce ba ni na riƙe kayan ba. Suka ce su ma ba su suka riƙe ba, kuma haya suke biya. Muka yi ta ja har aka raba biyu. Na biya rabin ina ƙunƙuni, kuma har yanzu ina ganin ko rabin bai kamata ba tunda ba a faɗa da wuri ba.

To me ya sa ban bar su ba? Saboda a cikin kwana 26 ɗin nan ba ranar da na kira aka ƙi ɗauka, ba kuma ranar da aka ce mini "gobe" alhali an san ba gobe ba ce. In ba labari sai ɗan Fagge ya ce, "Alhaji, yau ba wani sabon abu." Na fi son wannan sau dubu a kan daɗin baki. Hausawa suka ce ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Lokacin da jirage ke tashi lafiya, kowane ejan gwani ne.

Maganar batir ita ce ta fi shafar ɗan ƙanwata, kuma ita ma tushenta a Dubai yake, a shekarar nan dai. Ranar 3 ga Satumban 2010, wata biyu kafin maganar tona, wani jirgin dakon kaya na UPS ƙirar Boeing 747 ya tashi daga Dubai zai je Kolon ta Jamus. Wuta ta tashi a cikin kaya, hayaƙi ya cika ɗakin matuƙa har ba sa ganin abin da ke gabansu, suka juyo amma jirgin ya faɗi kafin su sauka. Matuƙan biyu suka mutu. Rahoton binciken hukumar jiragen Daular Larabawa da ya fito a 2013 ya danganta wutar da kayan da ke ɗauke da batiran litiyam, sama da 80,000 ne a cikin jirgin. Daga 1 ga Afrilun 2016 hukumar sufurin jiragen sama ta duniya, ICAO, ta hana ɗaukar irin waɗannan batira su kaɗai a matsayin kago a jirgin fasinja. Sai a jirgin dako, kuma cajinsu kada ya wuce kashi 30 cikin ɗari. Fawabank a wannan doka batir ne tsagwaronsa. Wayar da batirinta ke cikinta hukuncinta daban ne, ya fi sauƙi. Turare kuma, wanda mutanenmu ke ɗauka ba komai ba ne, a takardar jirgi ruwa ne mai kama wuta, yana da nasa shirin da nasa kuɗin.

Kamfanin nawa a kan wannan ba sa wasa, har ya kan kai ga ban haushi. Akwai tebur a bakin sitonsu na Dubai, kowane katan sai an buɗe a gabanka. Yaron da ke dubawa yana da wata ɗabi'a, in ya ɗauki abu sai ya danna duk maɓallin da ke jiki, in fitila ta kama ko ya ji motsi sai ya ajiye shi gefe. Ya taɓa fitar mini da linzamin kwamfuta mara igiya guda 40, da reza mai caji da na saya wa kaina. Kayan batir layinsu daban, kuɗinsu ya fi, kuma mako biyu zuwa uku suke yi don sai an jira jirgin dako. Wanda ya ce maka zai kawo fawabank Kano a kwana uku a kuɗin atamfa, abu ɗaya yake nufi: zai rubuta wani abu daban a takarda, ya sa a ƙarƙashin kujerun mutane. Kusan rabin kagon jirgin sama na duniya a cikin cikin jiragen fasinja yake tafiya, mun ga haka ƙarara a 2020 da korona ta ajiye jirage, wuri ya yi wuya, kilo ya yi tashin gwauron zabo. Na tambayi ɗan ƙanwata, in mahaifiyarsa ce a jirgin tana dawowa daga Umara fa? Ya yi dariya ya ce Kawu ka cika kai abu nesa. Wataƙila. Amma ko a bar maganar rai, jarinsa gaba ɗaya katan huɗu ne. In aka sauke su sau ɗaya, shi ke nan.

Yanzu bari in zo kan inda suke ba ni ciwon kai, don ba mala'iku ba ne.

Siton Kano bai dace da ofishin Dubai ba ko kaɗan. Can tsari, nan kasuwar ƙauye. Ranar da kaya suka sauka ba layi, ba lamba, wanda ya fi murya ko ya san mai sito shi ake fara sallama. Ana jibga katan mai nauyi a kan mara nauyi, na taɓa tarar da buhun kayan gyaran mota zaune a kan firintata, murfin ya tsage. Wayar ofishin Kano kuwa in ka kira sau biyar a ɗauka sau ɗaya ka gode Allah. Sau da yawa Dubai nake kira don in ji ko kayana sun iso Kano, alhali siton bai fi tafiyar minti 15 daga shagona ba.

Sai lissafin canji. Kuɗinsu da dala ne, amma da naira muke biya, kuma farashin kasuwar canji ta Wapa na ranar karɓa suke bi, ba na ranar da ka ajiye kaya ba. A 2010 da dala ke wajen naira 150 tana zaune wuri ɗaya, ba wanda ya damu. A shekarun nan da take iya tsalle tsakanin safe da yamma, jinkirin mako guda da ba laifinka ba sai ya zama kai ka biya shi. Na sha ba su shawarar su bar mutum ya biya a Dubai da dirhami, wanda shi a ɗaure yake da dala a kan 3.67. Sun yarda, amma sai ka tambaya, ba sa faɗa wa sabon zuwa. Ga shi na faɗa.

Awo kuma ba cuta a ciki, sai dai ba sa bayani. Jirgi ba nauyi kaɗai yake sayarwa ba, har da wuri. Ana auna tsawo da faɗi da tsayin katan da santimita, a ninka, a raba da 6,000, duk wanda ya fi yawa tsakanin wannan da nauyin sikeli shi za ka biya. Katan mai 60 da 50 da 40 kilo 20 ne a wurinsu, ko da sikeli ya nuna 11. Na ga wata baiwar Allah ta kusa kuka a ofishin Deira a kan jakunkunan hannu na mata, tana cewa an yi mata ƙari. Ba ƙari aka yi mata ba, iska ta biya wa kuɗin jirgi. Da an ce mata ta cire takardun da aka cusa a ciki ta danne su, da ta rage kusan rabi. Ni na faɗa mata, ba ma'aikacinsu ba.

Sau ɗaya suka ɓatar mini da kaya a duk shekarun nan, a tsakiyar 2019. Katan ɗaya, kilo 14, cike da filas da ƙananan ma'ajiyar kwamfuta, abin da ba shi da nauyi amma akwai kuɗi. Ba su yi gardama ba, ba su ce in jira wata shida ba, cikin mako uku suka biya. Sai dai da kilo suka biya. Yarjejeniyar Montreal, wadda Najeriya da Daular Larabawa duk suna ciki, ta ƙayyade abin da mai jirgi zai biya a kan kowane kilo in kaya ya ɓata, a lokacin wajen dala 26 ne, an ɗan ɗaga shi a ƙarshen 2019 aka sake ɗagawa a ƙarshen 2024. Na karɓi abin da bai kai dala 400 ba a kan kayan da suka ninka haka sau da yawa. A bayan rasit ɗinsu an rubuta cewa wanda ke so a biya shi cikakken kuɗi sai ya bayyana darajar kaya ya biya ƙari tun farko. Da ƙananan haruffan Turanci. Shekara 12 ina karɓar rasit ɗin nan ban taɓa juya bayansa ba. Tun daga nan ƙananan kaya masu tsada a jakata suke tahowa, ko in biya ƙarin.

Idan maki ake so, ofishin Dubai zan ba shi takwas cikin goma, siton Kano huɗu, kuma huɗun ma don mai gadinsu mutumin kirki ne, yana taya ni ɗora kaya a Adaidaita. Ga mai kawo atamfa da takalma da mayafai, wanda ba batir ba ruwa ba gari a kayansa, zai iya samun mai sauƙi ya kuma zauna lafiya. Ga mai kayan lantarki irina, ko mai turare, ni dai ban ga inda zan koma ba. Dattijon ɗan Kerala ya yi ritaya ya koma gida shekaru kaɗan da suka wuce, ɗansa ne a kujerar. Na ɗauka za a sassauta. Tafiyata ta farko bayan canjin na gwada shi da wasa, na ce akwai fawabank goma, a cusa mini a cikin kibod. Ya dube ni ya yi murmushi ya ce mahaifinsa ya ba shi labarin wani Haji mai tona 84.

Ɗan ƙanwata bai ce ya yarda ba. Ya dai karɓi lambar ɗan Fagge, wanda yanzu furfura ta fara fito masa, ya ce zai raba kayansa biyu, kwandunan waya da gilasan fuska ya gwada masu arahar, caja da fawabank ya ba nawa. Na ce jarinsa ne. Ni kuma a yanzu haka ina da fanka mai caji guda 30 da aka ware mini a teburin nan na bakin sito tun makon jiya. Lokacin zafi na saye su. Jiya da la'asar hadari ya haɗu a gabas, an ce jirgin dakon sai Alhamis.